Jinin Ciwo Ba Ya Hana Salla: Kira Ga Malamai, Magidanta Da Ma'aikatan Lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya ta matan aure a unguwar Bolari, cikin garin Gombe, kuma darasin fiƙihu ne a hannuna. Maganar da zan yi ta mata ce, irin wadda aka saba yi a ƙuryar ɗaki da murya ƙasa-ƙasa. Da gangan na fito da ita jarida, inda na san maza sun fi yawa cikin masu karatu, domin babban ɓangare na gyaran yana hannunsu. Wanda maganar ta yi wa nauyi ya yi haƙuri, addini ne.

Mata da yawa a garin nan, masu tsoron Allah, waɗanda ba sa wasa da ibada, suna ajiye salla sati uku, wata guda, wani lokaci har fiye, saboda jinin al'ada ya rikice musu. Ka'ida ɗaya tak aka ba su ranar da suka fara ganin baƙon wata: idan kin ga jini ki ajiye salla, idan ya ɗauke ki yi wanka. Wannan ka'ida tana isar macen da jininta ke zuwa kwana 6 ko 7 ya tafi abinsa. Abin da ba a gaya musu ba shi ne yadda za su yi ran da jinin ya ƙi ɗaukewa, ko ya shiga yi musu wasa, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo.

Wata ɗalibata, uwar 'ya'ya huɗu, ta tsaya bayan an tashi daga aji har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malama, ni fa rabona da salla tun kafin Babbar Salla." A lokacin mun riga mun shiga watan Muharram. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku aka yi mata, tun daga nan jini ke zuwa mata ɗigo-ɗigo, da ƙyar yake yin kwana biyu a ɗauke. Na tambaye ta me ya hana ta yin magana tun da wuri, sai ta ce, "Wa zan tambaya? Maigida ya ce in jira ya ɗauke. Ni kuma wallahi tsoro nake ji in tsaya gaban Allah da najasa a jikina." Wannan tsoro nata shi ne tushen matsalar. An koya wa matanmu cewa yin salla cikin haila haramun ne, kuma haka ne. Sai suka ɗauka duk lokacin da aka shiga kokwanto, barin sallar shi ne tudun-mun-tsira. Alhali kuwa wadda jininta ya koma na ciwo, salla ta hau kanta kamar yadda ta hau kan kowane baligi mai hankali, kuma duk wadda ta bari bashi ce a kanta.

Wannan larura ba yau ta fara ba, kuma ba a bar mu cikin duhu a kanta ba. Fatima bint Abi Hubaish ta je wurin Manzon Allah (SAW) da ƙafarta, ta ce ita mace ce da jini ke zarce mata ba ta samun tsarki, shin ta bar salla? Ya ce a'a, wannan jijiya ce ba haila ba. Idan hailar ta zo ta bar salla, idan gwargwadon kwanakinta ya wuce ta wanke jinin ta yi salla. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana kuma cikin Buhari da Muslim. Ummu Habiba bint Jahsh, matar Abdurrahman bin Auf, shekara 7 ta yi tana fama da irin wannan jini, tana kuma sallarta. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta yi i'itikafi tare da shi tana cikin wannan hali, har takan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla saboda zubar jinin. Wannan hadisi na ƙarshe nakan tsaya a kansa sosai a aji. Matar Annabi ce, a cikin masallacin Annabi, jini yana zuba, kuma ba a ce ta fita ba. Na sha ganin fuskar mai tsoro ta saki daga jin wannan kaɗai.

Lissafin kuwa yana cikin Ahalari, ɗan ƙaramin littafin nan da kusan kowane ɗalibi yake farawa da shi a zaure da Islamiyya. An kasa mata gida uku: mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Mai farawa, wato yarinyar da wannan ne ganinta na farko, idan jini ya zarce mata iyakarta kwana 15, daga nan ta yi wanka ta kama salla ko bai tsaya ba. Wadda ta saba kuwa kwanakinta na al'ada za ta zauna. Idan jini ya wuce su, sai ta ƙara kwana 3 na sauraro, waɗanda malamai ke kira istizhari, da sharaɗin kada jimla ta haura 15. Mai kwana 7 za ta kai 10. Mai kwana 13 kwana 2 kawai za ta ƙara, mai 14 ta ƙara 1, mai 15 ba ta da ƙarin ko yini guda. Wadda kwanakinta kan bambanta, wani watan 5 wani watan 7, a kan mafi yawan za ta ɗora ƙarin. Kwanakin da ta ƙara kuma sun shiga cikin al'adarta, don haka idan abin ya maimaitu a haila ta gaba, mai kwana 7 ɗin nan daga 10 za ta tashi, amma iyakar 15 tana nan ba ta motsi. Da zarar kwanakin sun cika ta yi wankan tsarki. Duk jinin da ya biyo baya istihala ne, wato jinin ciwo. Ta yi salla, ta yi azumi, ta shiga masallaci, ta yi ɗawafi, ta ɗauki Alƙur'ani, mijinta ya kusance ta.

Wanda ya fi wahalar da mata shi ne jini mai yankewa yana dawowa, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan nutsu, domin shi ne halin da mafi yawan masu zuwa mini da tambaya suke ciki. Hukuncinsa a mazhabar Malikiyya shi ne ta harhaɗa kwanakin jinin kaɗai, ta bar na tsarki a gefe. A ɗauka mace ce mai kwana 6, wadda da kwanakin sauraro iyakarta 9. Jini ya zo mata Asabar, Lahadi da Litinin, ta samu 3. Talata da Laraba ya ɗauke: ta yi wanka, ta yi salla, in azumi ake ta ɗauka, kuma halal ce ga mijinta. Alhamis da Juma'a ya dawo, ta ajiye salla, lissafi ya zama 5. Ya sake ɗaukewa Asabar zuwa Litinin, ta sake wanka ta koma salla. Ya dawo Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a, lissafi ya cika 9. Daga wannan Juma'ar hailarta ta ƙare, ko ya tsaya ko bai tsaya ba. Ranar da jini ya fito ko sau ɗaya ne, ana ƙirga ta cikin kwanakin jini, amma idan ya ɗauke a cikin wannan yinin ta yi wanka ta sallaci abin da ta riska.

Nan ne ɗalibai kan ce, "Malama, wanka nawa ke nan mutum zai yi, ga sanyi, ga tsadar gawayi?" Tambayar ta cancanta, musamman cikin hunturu da hazo ke rufe garin nan. Amsar ita ce, wankan yana wajaba duk lokacin da jini ya ɗauke a cikin kwanakin da ake ƙirgawa. Bayan sun cika an yi wanka ɗaya, shi ke nan, jinin ciwo ba ya wajabta wani wankan, alwala ta wadatar. Ran da Allah Ya kawo sauƙi ya ɗauke gaba ɗaya, an so ta yi wanka, amma ba tilas ba ne.

To yaushe za ta san wata hailar ta kama? Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila da haila, a zancen da ya fi shahara a mazhaba, kwana 15 ne. Duk jinin da ya zo bayan cikar kwanakinta kuma kafin cikar waɗannan 15 ɗin, ba ruwansa da salla. Idan sun cika, sai ta duba: jinin ya canza launi ya yi duhu, ko ya yi kauri, ko warinsa ya canza, ko ciwon marar da ta sani na al'ada ya zo tare da shi? Idan ta bambance, to sabuwar haila ce. Yawa ko ƙarancin jinin kaɗai ba a gina hukunci a kansa. Idan kuwa jinin iri ɗaya ne ba ta iya bambancewa, tana nan a matsayin mai tsarki, ko wata nawa za a yi. Wannan magana ta bambancewa tana shiga har cikin idda, domin wadda aka saka tana cikin jinin ciwon da ba ta bambancewa, iddarta a Malikiyya shekara guda ce. Aure nawa aka ɗaura cikin idda saboda rashin sanin wannan, Allah kaɗai Ya sani.

Game da alwala da tufafi an yi mata sauƙi ƙwarai. Ta wanke wurin, ta sa ƙunzugu ko audugar mata, ta yi alwala ta yi salla, abin da ya fito bayan haka ba ya ɓata mata. Idan jinin yana lizimtarta rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ta sabunta ga kowace salla. Idan kuwa ɗaukewarsa ta fi zuwansa yawa, to duk ran da ya fito ta sake alwala. Wasu malamai sun wajabta mata alwala ga kowace salla, kuma ni haka nake ba ɗalibaina shawara su yi, tunda ba wuya a ciki kuma ya fid da su daga saɓani. Abin da ya taɓa zane na jinin da kullum sai ya fito, an yafe shi, haka ma jinin da faɗinsa bai kai na dirhami ba, wato tsabar kuɗin zamanin da.

Yanzu maganar allura da ƙwayoyi da robar da ake sa wa a hannu, wadda mata ke kira ashana. Ban zo yin muhawara a kan halacci ko haramcin tazarar haihuwa ba, wannan zance ne na daban. Abin da yake a fili shi ne mata suna yi, da yawansu da yardar mazajensu, wasu ma likita ne ya ce su yi saboda lafiyarsu. Ma'aikatan lafiya sun san cewa allurar wata uku da ashana sukan rikita al'ada, musamman a watannin farko, jini ya riƙa ɗigowa ba ƙa'ida, daga baya wasu ma ya ɗauke musu ɗungurungum. Robar da ake sa wa a mahaifa kuwa takan ƙara yawan jinin da tsawon kwanakinsa. Wadda jininta ya ɗauke gaba ɗaya mai tsarki ce wata da watanni, kada ta ajiye salla don wai kwanakinta sun zagayo. Wadda ke ɗigo kuwa, malamanmu na da sun bayyana haila da cewa jini ne da ya fito da kansa, shi ya sa suka tattauna a kan jinin da magani ya jawo kafin lokacinsa, wasunsu suka ce ba haila ba ne. Wasu malaman wannan zamani kuma sun ce ta duba siffarsa, wasu suka ce ta bi lissafin kwanaki kamar kowa. Ni lissafin nake koyarwa, domin shi ne mace za ta iya riƙewa ba tare da waswasi ya cinye ta ba.

Na san za a samu mai cewa ba haka malaminsa ya faɗa ba. Gaskiya ne akwai saɓani. Hanafiyya sun ce mafi ƙarancin haila kwana 3 ne, mafi yawanta 10. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce mafi ƙaranci yini da dare, mafi yawa 15. Malikiyya kuwa a wajen ibada ko zubowa ɗaya haila ce. Akwai malaman da ba su ga kwanakin sauraro ba, suka ce wadda jini ya zarce mata ta koma ga kwanakinta na asali, suna kafa hujja da hadisin Fatima da na Ummu Salama, kuma hujjarsu abar girmamawa ce. Matsalar ita ce yau mace tana da malamai goma a cikin wayarta. Ta saurari wannan da safe ya ce 10, ta saurari wancan da yamma ya ce 15, wata ƙawa ta turo mata muryar wani daga wata ƙasa, sai ta rasa na kamawa ta zauna ba salla. Shawarata ita ce ta riƙi malami ɗaya ko malama ɗaya da ta amince da iliminsu, ta bi hanya ɗaya daga farko har ƙarshe, kada ta ɗauko kan wannan ta haɗa da ƙafar wancan. Duk da saɓanin nan, babu mazhabar da ta ce macen da ba jego take ba ta share wata biyu ba ta kai goshinta ƙasa ba.

Tunda na ambaci jego, bari in taɓo arba'in. A gidajenmu an ɗauka mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in, ko da jinin biki ya ɗauke tun kafin suna. Goggo ko Inna da ta zo wankan jego ita ce kan ce, "Ke zauna, ina kika taɓa ganin mai jego da salla?" Wannan al'ada ce kawai. Jinin biki ba shi da mafi ƙaranci. Idan ya ɗauke ko a ranar haihuwa ne ta yi wanka ta yi salla, kuma wankan ganye na safe da yamma ba ya tsayawa a madadin wankan tsarki sai an yi niyya an game jiki da ruwa mai tsarkakewa. Mafi yawansa a Malikiyya da Shafi'iyya kwana 60 ne, a Hanafiyya da Hambaliyya 40. Idan ya ɗauke ya dawo kafin kwana 15, a haɗa shi da na farko. Idan tsakaninsu ya kai 15, na biyun haila ce. Iyayenmu mata ba mugunta suke yi ba, tausayi ne, abin da suka taras ke nan. A gaya musu cikin ladabi, sukan karɓa.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, na jinkirta wanka. Alamar tsarki biyu ce: bushewa, wato ta sa auduga ko ƙyalle ya fito ba jini ba fatsi-fatsi, ko kuma farar kumfa. Mata sukan aika wa Nana A'isha da auduga mai fatsi-fatsi suna tambaya, ta ce kada su yi gaggawa sai sun ga farar kumfa. Amma da zarar alamar ta bayyana ba sauran jira. Mace ta ga tsarki da la'asar, sai ta ce bari ta bari sai gobe da safe ta wanke kai ta yi kitso gaba ɗaya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta fayyace wannan: idan bayan ta yi wanka ba tare da ɓata lokaci ba akwai sauran lokacin raka'a 5 kafin faɗuwar rana, azahar da la'asar duka sun hau kanta, idan bai kai haka ba, la'asar kaɗai. Idan da dare ne kuma akwai sauran lokacin raka'a 4 kafin alfijir, magariba da isha'i ne a kanta. A watan azumi, wadda ta ga tsarki kafin alfijir ta ɗaura niyya ta yi azumi ko da sai bayan alfijir ta yi wanka. Ba a ɗora mata tashi tsakar dare da fitila tana dubawa ba. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa 'yar Zaidu bin Sabit ta aibata wa mata yin haka. Ta duba lokacin kwanciya da lokutan salla ya isa.

Sanin hukuncin salla ba ya maye gurbin magani, kuma wannan ina faɗa wa ɗalibaina da babbar murya. Annabi (SAW) da kansa jijiya ya kira wannan jini, wato larura ce a jiki. Littattafanmu sun ce mai ciki tana iya ganin haila, har suka ba ta kwana 15 zuwa sama kaɗan bayan wata 3, da kwana 20 zuwa sama bayan wata 6, yayin da Hanafiyya da Hambaliyya suka ce mai ciki ba ta haila. Ko wanne aka ɗauka, mai cikin da ta ga jini ta nufi asibiti a ranar, a yi lissafin salla a hanya. Haka dattijuwar da al'ada ta daɗe da ɗauke mata sai ga jini ya dawo. Fiƙihu ya ce daga shekara 50 zuwa 70 a tambayi mata masana, bayan 70 ba haila ba ne. Mata masana na wannan zamani sun haɗa da likitoci da ungozomomin asibiti, domin jini bayan ɗaukewar al'ada, ko jini bayan kwanciyar aure, yana iya zama alamar sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda ke cikin sankarorin da suka fi kashe mata a Najeriya, kuma tana jin magani idan an gano ta da wuri. Ƙarin mahaifa ma yana sa jini mai yawa da gudaji. Wadda ke jiƙe ƙunzugu bayan ƙunzugu, tana jin jiri, tafin hannunta ya ɗashe, jininta ne ke ƙarewa. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru a cikin garin nan, ga kuma ƙananan asibitocin unguwanni. Ita ma mai ɗigon allura akwai maganin da ake ba ta ya rage, ko a canza mata wata hanyar.

Wadda ta riga ta bar salloli cikin rashin sani fa? Mafi yawan malamai sun ce ta rama. Akwai waɗanda suka yi mata uzuri, suna cewa Hamna bint Jahsh ta zo wa Annabi tana cewa jini ya hana ta salla da azumi, ya koya mata ta ɗauki kwana 6 ko 7 a wata, bai kuma ce ta rama na baya ba. Ni ramuwar nake ba da shawara, domin zuciya ta fi kwanciya da ita. Ta cire kwanakin da suke haila ta gaskiya, ta kintaci sauran, ta riƙa ramawa gwargwadon ƙarfinta. Ahalari ya ce wanda ke rama sallolin kwana 5 a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Wadda raino da girki suka hana ta kai haka ta yi abin da za ta iya, kada dai ta daina. Azumin da ta sha a waɗannan kwanaki kuwa ramuwarsa ba makawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wannan ilimi yana cikin littattafan da ke kan kantar kowace makaranta. Yarinya ta sauke Ahalari da Ishmawi, ta haddace babin haila da Larabci tana rerawa, amma ba ta taɓa yin lissafin kwana ɗaya da shi ba. Wani malamin in ya iso babin sai ya karanta da sauri kansa a sunkuye, ya ce in kun girma za ku gane. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin alwala da salla da azumi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajojinta, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna koya wa mata addini a cikin gidajensu. Mu da muke zaune a ƙasar Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu, bai kamata a ce wannan babi ne muke tsallakewa ba. Ina roƙon shugabannin makarantu su danƙa shi ga malamai mata, a koyar da shi da allo da alli da misalan kwanaki, tun yarinya tana shekara 10 ko 11, kafin abin ya same ta. A irin wannan darasi ne ma za ta ji cewa a Malikiyya mai haila tana karatun Alƙur'ani da ka, kuma ɗaliba da malama an yarda su taɓa shi don karatu, don haka ba dalilin ƙaurace wa makaranta sati guda kowane wata.

Magidanta, ku ne ake fara tambaya, tun kafin malami. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya je ya tambayo, ko ya bar ta ta je. "Ki jira ya ɗauke" fatawa ce, kuma za a tambayi mai ita. Ku kuma ma'aikatan sashen tazarar haihuwa, yawancinku a nan Musulmi ne, kuma ku ne kuka san abin da allurar za ta haifar. Lokacin da kuke gaya wa mace cewa za ta iya ganin ɗigon jini kada ta tsorata, ku ƙara mata kalma ɗaya: ta riƙe kwanakin al'adarta na da, ta je ta tambayi yadda za ta yi da salla. Masu shirya bitar maniyyata su ma su ware wa mata zama na musamman, domin masu shan ƙwayar jinkirta al'ada sukan shiga irin wannan ruɗani a daidai lokacin ɗawafin ifada.

'Yan'uwana mata kuma, rubutu. Duk fatawar da ke cikin wannan babi a kan tambaya uku take tsayawa: kwana nawa kika saba, yaushe ya fara, yaushe ya ɗauke. Mafi yawan masu zuwa wurina amsarsu ita ce, "Wallahi Malama ban riƙe ba." Macen da ke riƙe da lissafin adashin mutum ashirin ba ta taɓa ɓatar da zubi ɗaya ba, ba za ta kasa riƙe kwanakin jikinta ba. Ki samu kalanda ko bayan littafin yaro, ranar jini ki sa alama, ranar tsarki ki bar ta fara, da boko ko da ajami. Mai babbar waya akwai manhajojin da ke yin wannan. Takardar nan guda ita za ki nuna wa malama, ita kuma za ki nuna wa likita.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta buɗe fili na musamman ko sau biyu ne a wata, a haɗa malama masaniyar fiƙihu da likitar mata su riƙa amsa tambaya ɗaya tare, kuma a karɓi tambayoyin ba tare da an buga sunan mai tambaya ba. Kafin azumi ya kama a buga jadawalin lissafin kwanakin nan a shafi guda, yadda za a iya yanke shi a liƙa a ajujuwan matan aure. Idan an buɗe filin, akwai tambayoyin ɗalibaina da nake tarawa a littafi ba tare da sunayensu ba, da su zan fara aiko muku.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar fiƙihu,
Unguwar Bolari, Gombe.